Amarone, jar giyar Italiya da ake yi da busasshen inabi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi maimaituwa a bakin ɗaliban koyon aikin otal da girki, da ma'aikatan gidajen abinci masu yi wa baƙi 'yan ƙasashen waje hidima, da kuma mutanen da karatu ko neman abinci ya kai su arewacin Italiya, suka riƙa cin karo da sunan Amarone a takardar jerin abinci da tagogin kantuna. Da yawa daga cikin masu tambayar ba sa shan giya, amma aiki ko zama ya wajabta musu sanin abin da ke cikin kwalbar, da abin da aka zuba a tukunya.

Mece ce Amarone?

Amarone jar giyar inabi ce mai ƙarfi da kauri, wadda ake yi a yankin Valpolicella da ke arewa da birnin Verona, a jihar Veneto ta arewa maso gabashin Italiya. Cikakken sunanta a hukumance shi ne Amarone della Valpolicella. Abin da ya raba ta da galibin giyar inabi ta duniya abu ɗaya ne: ba a matse inabinta da zarar an tsinko shi, sai an shanya shi wata uku zuwa huɗu ya yi yaushi, ya kama hanyar zama zabibi, sannan a matse. Ƙarfinta da launinta da tsadarta, har ma da irin abincin da ake haɗa ta da shi, duk daga wannan shanya suka samo asali, don haka wanda ya fahimci amsar da ta yi bayanin shanyar ya riga ya fahimci rabin sauran amsoshin.

Me sunan yake nufi? Ɗaci gare ta?

A Italiyanci kalmar amaro na nufin abu mai ɗaci, ƙarin da ke ƙarshen sunan kuma na nuna girma, wato kamar a ce "babbar mai ɗaci". Sai dai sunan yana ruɗar mutane, domin ba ɗaci irin na maɗaci ko shuwaka ake nufi ba. An raɗa mata sunan ne don a bambanta ta da yayarta mai suna Recioto, wadda ake yi da irin wannan busasshen inabi amma a bar ta da zaƙi sosai. Wanda bakinsa ya saba da Recioto, idan ya kurɓi wadda sukarinta ya ƙare, dole ya ce da ɗaci. Masu ɗanɗana ta suna siffanta ta da ƙamshin busasshen ceri da ɓaure da zabibi da koko, da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe mai kama da na baƙin cakulan.

Ina ne Valpolicella, kuma me ƙasar wurin ta taka wajen yin giyar?

Valpolicella jerin kwaruruka ne da suka sauko daga duwatsun Lessini zuwa filin Verona, kamar yatsun hannun da aka shimfiɗa. Kogin Adige ya zagaye su ta yamma da kudu, tafkin Garda, wanda ya fi kowane tafki girma a Italiya, yana can yamma kaɗan, yana sassauta zafin rani da sanyin hunturu. Tsohon yankin, wanda ake kira Classico, ya ƙunshi garuruwa biyar: Negrar, Marano, Fumane, San Pietro in Cariano da Sant'Ambrogio. Gabas da su akwai kwarin Valpantena, wanda doka ta ba shi damar rubuta sunansa a kwalba, sai kuma kwaruruka irin su Mezzane da Illasi da aka faɗaɗa yankin zuwa gare su. Gonakin inabin duka sun haura hekta 8,000.

Gonakin da aka fi daraja su ne na kan tudu, inda ƙasa take da farar ƙasa da tsakuwa, ruwa ba ya kwanciya, iska kuma tana ratsa ganye. Manoman da suka gabata sun yanka gangaren tuddan hawa-hawa, suka tare kowane hawa da katangar duwatsu da aka jera ba tare da siminti ba, wadda a karin harshen yankin ake kira marogne. Yawancin kuringar inabin ana ɗora ta ne a kan rumfa, nonon inabin yana reto a ƙarƙashin ganye cikin inuwa. An yi lokacin da masu son zamani suka raina wannan rumfa suka koma jera kuringa a kan waya irin ta Faransa, amma da zafin rani ya ƙaru a 'yan shekarun nan, da yawa sun gane cewa inuwar rumfar tana hana rana ƙona 'ya'yan.

Da wane irin inabi ake yin ta?

Ba da iri ɗaya ake yi ba, haɗi ne na inabin gargajiyar yankin. Uwa a cikinsu ita ce Corvina, wadda doka ta ce ta kasance kashi 45 zuwa 95 cikin ɗari na haɗin, ita ce ke ba da ƙamshin ceri da ɗan tsami, fatarta kuma tana jure shanya. Corvinone, wanda aka daɗe ana zaton wani reshe ne na Corvina kafin bincike ya nuna iri ne mai zaman kansa, yana da manyan 'ya'ya, kuma an yarda ya maye gurbin Corvina a cikin wannan kaso. Rondinella tana ɗaukar kashi 5 zuwa 30, ba ta da wani ƙamshi na a zo a gani, amma ba ta saurin kamuwa da cuta, ba ta kuma saurin ruɓewa a ɗakin shanya, abin da ya sa manoma ba sa rabuwa da ita.

Akwai Molinara, wadda a da dole ne a saka ta, yanzu kuwa ganin dama ne, da Oseleta, mai ƙananan 'ya'ya da fata mai kauri, wadda ta kusa ɓacewa kafin gidan yin giya na Masi ya sake dasa ta a shekarun 1980. Sunayen nan da kansu suna da ban sha'awa, domin ana danganta Corvina da hankaka saboda baƙinta, Rondinella da tsattsewa, Oseleta da ƙananan tsuntsayen da ke son cinta, Molinara kuma da injin niƙa, saboda farar ƙurar da ke rufe fatarta kamar an barbaɗa gari.

Yaya ake shanya inabin?

Italiyawa suna kiran wannan aiki appassimento. Yana farawa tun daga gona a watan Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin da masu tsinka suke bi da hannu suna zaɓen nonon inabin da 'ya'yansa ba su cunkushe ba, wanda iska za ta iya ratsawa, wanda kuma babu ko ƙwaya ɗaya da ta fashe a jikinsa. Ana kwantar da kowane nono a hankali cikin akwati mara zurfi, jeri ɗaya tak, ba a ɗora wani a kan wani, domin ruwan ƙwaya ɗaya da ta fashe ya isa ya jawo fumfuna ta cinye akwati guda. Doka ba ta yarda a shanya dukan amfanin gona ba: iyakar abin da za a ware shi ne kashi 65 cikin ɗari, kuma a wasu shekaru hukumar jihar kan rage wannan kaso.

Ba a rana ake shanyar ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba mutanenmu mamaki, mu da muka saba baza tumatir da barkono da kuɓewa a kan tabarma rana ta yi aikinta cikin kwana biyu ko uku. A inuwa ake yi, cikin sanyin kaka da hunturu, a wani ɗaki mai manyan tagogi da ake kira fruttaio, wanda a da yakan kasance a saman bene ko a kan tudu inda hazo ba ya kaiwa. Tsofaffin gidaje suna shimfiɗa inabin a kan wasu gadaje na gora masu kama da asabari, ana kiran su arele, waɗanda asalinsu na kiwon tsutsar siliki ne, aka mayar da su ga wannan aiki. Yanzu akwatunan roba masu huji sun fi yawa, ana jera su hawa-hawa har kusa da rufi. Wanda ya shiga irin wannan ɗaki a watan Disamba zai tarar da sanyi da duhu-duhu da ƙamshi mai nauyi kamar na rumbun dabino, ga 'ya'yan inabin sun yi tamoji kamar fatar yatsan da ya daɗe cikin ruwa, ga ma'aikaci yana bin akwatuna da ƙaramin almakashi yana cire duk ƙwayar da ta fara furfura. Idan iska mai bushewa ta taso daga duwatsu sai a buɗe tagogi, idan hazo ya sauko sai a rufe, manyan kamfanoni kuma suna da fankoki da injunan janye laima.

Makonnin farko su ne masu haɗari, domin inabin yana cike da ruwa, kuma kaka a Veneto lokacin ruwan sama ne. Bayan kwana 100 zuwa 120, inabin yakan rasa kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na nauyinsa. Ruwa ne ya tafi, sukari da launi da bauri suka tattaru a ɗan abin da ya rage, kuma a cikin ƙwayar da kanta ana samun sauye-sauye da ke haifar da sabon ƙamshi wanda ɗanyen inabi ba shi da shi. A ƙa'ida ba a fara matsa kafin 1 ga Disamba sai da izinin hukuma, gidaje masu riƙo da al'ada kuma sukan jira har Janairu ko Fabrairu.

Bayan shanya, me ake yi kafin ta shiga kwalba?

Ana murƙushe inabin a bar shi ya tsimu tare da fatarsa, yis yana cin sukarin yana mayar da shi barasa. Wannan tsimi yana da wuya ta fuska biyu: ana yin sa a tsakiyar hunturu lokacin da sanyi ke sa yis kasala, sannan sukarin ya yi yawan da yawancin yis kan mutu kafin ya gama cinye shi, domin barasar da ya samar ita ce ke kashe shi. Shi ya sa aikin kan ɗauki wata guda ko fiye, alhali giyar inabi ta yau da kullum tana gamawa cikin mako ɗaya ko biyu.

Daga nan sai ajiya. Doka ta ce Amarone ta kwana aƙalla shekara biyu, ana ƙirgawa daga 1 ga Janairun da ya biyo bayan girbi, wadda za a rubuta wa Riserva kuma shekara huɗu daga 1 ga Nuwamban shekarar girbi. Masu bin tsohuwar hanya suna zuba ta a manyan gangunan katakon itacen oak masu cin dubban lita, waɗanda ba sa sa mata ƙamshin katako sosai, wasu kuma sun fi son ƙananan gangunan Faransa masu cin lita 225. Gidaje irin su Bertani da Quintarelli sun shahara da riƙe giyarsu shekara shida, bakwai ko fiye kafin su fitar da ita kasuwa.

Nawa ne ƙarfin barasar da ke cikinta?

Mafi ƙaranci da doka ta yarda shi ne kashi 14 cikin ɗari, amma abin da aka fi gani a kwalabe shi ne 15 zuwa 16, wasu har 17, kuma duk daga sukarin inabin ne, ba a ƙara mata wata barasa daga waje. Giyar kwalba ta hatsi da aka sani yawanci kashi 5 ce, don haka Amarone ta ninka ta sau uku. Kwalba ɗaya mai mililita 750 da ke da kashi 15 tana ɗauke da kusan giram 90 na tsantsar barasa. Haɗarinta shi ne taushinta a baki yana ɓoye wannan ƙarfi, mai sha ba ya ankara.

Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, haramun ce, kuma kasancewarta daga busasshen inabi bai sauya komai ba. Ta fuskar lafiya ma, maganar da ake yawan yi cewa jar giya tana gyara zuciya ba abin dogaro ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Janairun 2023 cewa babu wani gwargwadon barasa da za a ce ba ya cutarwa, kuma tun 1988 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashinta ta sanya abin sha mai barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar.

Mene ne tanin da masu bayanin jar giya suke yawan ambata?

Tanin shi ne sinadarin da ke kawo bauri, wato wannan kamewar baki da mutum ke ji idan ya tauna goro ko ɗanyar ayaba, ko ya sha shayin da ya daɗe a wuta. Dangin sinadarin da ke cikin bagaruwa ne, wanda majema suke jeme fata da shi. A inabi yana cikin fata da ƙwallo, kuma tun da jar giya tare da fatar ake tsima ta, sai ya shiga cikinta. Amarone tana da shi da yawa, amma kaurinta da ɗan sukarin da ya rage suna lulluɓe shi, sai ya zama bai fito fili kamar na Barolo, wata jar giyar Italiya, ba. Sanin wannan zai taimaka wajen gane amsar da ta shafi abinci.

Mene ne bambancin Amarone da Recioto da Ripasso da Valpolicella?

Duka huɗun daga gonaki ɗaya da irin inabi ɗaya suke fitowa. Valpolicella tsura ana yin ta da ɗanyen inabi, ba ta da nauyi, barasarta daga kashi 11 take farawa, kuma ba a ajiye ta da daɗewa. Recioto da busasshen inabi ake yi kamar Amarone, sai dai ana tsayar da tsimin tun sukari bai ƙare ba, ta fito da zaƙi, a sha ta da kayan zaƙi bayan abinci. Sunanta daga recie ne, wato kunnuwa a karin harshen Verona, domin a da ɓangarorin sama na nonon inabi, masu fitowa gefe kamar kunne, waɗanda suka fi samun rana, su ake zaɓa.

Ripasso kuwa dabarar talaka ce da ta zama kasuwa. Bayan an tace Amarone ko Recioto, tuƙar inabin da ta rage tana da sauran sukari da launi, sai a zuba Valpolicella a kanta ta sake tsimuwa, ta fito da ƙarin ƙarfi da kauri. Gidan Masi ne ya fito da wannan hanya kasuwa da giyarsa Campofiorin a 1964, kuma Ripasso ta sami nata matsayi a doka a 2010. 'Yan kasuwa kan kira ta ƙaramar Amarone, lafazin da masu yin Amarone da yawa ba sa so, kuma suna da gaskiya, domin ma'aikacin da ya kawo wa baƙo Ripasso a madadin Amarone ya kawo masa wani abu dabam.

Tun yaushe ake yin ta?

Shanya inabi a Verona tsohuwar al'ada ce. A ƙarni na 6, Cassiodorus, babban jami'i a fadar sarakunan Ostrogoth da ke Ravenna, ya rubuta wasiƙa yana yabon wata giyar Verona mai suna Acinaticum, ya kuma bayyana yadda ake rataye inabin har hunturu kafin a matse. Amma wannan kakar Recioto ce, mai zaƙi. Amarone kanta yarinya ce a tarihi. Labarin da aka fi bayarwa shi ne cewa a 1936, a ma'ajiyar ƙungiyar manoman Negrar, wani ma'aikaci mai suna Adelino Lucchese ya tarar da gangar Recioto da aka manta da ita, yis ya cinye sukarinta kaf, da ya ɗanɗana sai ya ga abin bai lalace ba. Ko da labarin ya inganta, ba shi ne farkon Recioto da ta kuɓuce ta rasa zaƙi ba, sai dai a da ana ɗaukar hakan asara ne.

A shekarun 1950 ne gidaje irin su Bolla da Bertani suka fara sayar da ita a kwalba da gangan. Yankin Valpolicella ya sami matsayin DOC, wato shaidar gwamnati da ke kare sunan giyar yanki da ƙa'idojin yin ta, a 1968, amma sai wajen 1990 aka raba sunan Amarone da na Recioto a jikin kwalba, sannan daga girbin 2010 ta hau matakin DOCG, wanda shi ne mafi girma a tsarin Italiya.

Da wane abinci ake haɗa ta?

Ƙa'idar mai sauƙi ce: giya mai nauyi tana son abinci mai nauyi, kuma bauri yana lafawa idan ya gamu da kitse da nama, kamar yadda madara ke kashe baurin shayi. Saboda haka abincin da ya fi dacewa da ita shi ne jan nama da aka daɗe ana dafawa a kan ƙaramar wuta har ya yi luguf, irin wanda Italiyawa ke kira brasato, da naman daji kamar barewa da zomo, da gasasshen naman rago, da agwagwa. A Verona ana cin irin waɗannan da polenta, wadda kusan tuwon masara ce, sai dai ta fi shi ruwa-ruwa idan da zafi.

Abinci biyu ne suka zama tambarin birnin. Na farko risotto all'Amarone, shinkafa ce irin Vialone Nano da ake nomawa a filayen kudancin Verona wajen Isola della Scala, ana dafa ta da giyar da romo kaɗan-kaɗan ana juyawa, har ta yi launin shunayya mai duhu, a gama da man shanu da cuku. Na biyu pastissada de caval, naman doki ne da ake jiƙawa a jar giya da albasa da kayan ƙamshi kwana ɗaya ko fiye kafin a dafa. Mutanen garin suna danganta shi da yaƙin da aka gwabza kusa da Verona a shekara ta 489 tsakanin sarakuna biyu, Theodoric da Odoacer, wai dawakan da suka mutu a fagen fama aka bar wa talakawa, suka adana naman a cikin giya.

Cuku ma yana da gurbinsa, musamman tsoho mai tauri da gishiri irin Parmigiano Reggiano ko Monte Veronese na duwatsun Lessini. Tsohuwar Amarone kuwa, wadda ta haura shekara goma sha biyar, Italiyawa da yawa ba sa haɗa ta da komai, suna kiran irinta vino da meditazione, wato wadda ake kurɓa a hankali bayan an ɗauke kwanuka.

Akwai abincin da bai dace da ita ba?

Kifi da ɗanyen ganye da duk abinci mara nauyi suna ɓacewa a gabanta, kuma kifi mai maiƙo idan ya gamu da bauri yakan bar wani ɗanɗano kamar na ƙarfe a baki. Barkono ya fi kowanne rashin jituwa da ita, domin barasa mai ƙarfi tana ƙara zafin yaji, yajin kuma yana fito da baurin. Ma'aikacin otal da baƙo ya nemi shawararsa a kan farfesu mai attaruhu ko tsire mai yaji sosai, bai kamata ya nuna masa Amarone ba, ko da kuwa ita ce mafi tsada a jerin.

Idan an dafa abinci da ita, barasar tana ƙonewa gaba ɗaya?

Ba ta ƙonewa gaba ɗaya, kuma wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci ga wanda ba ya shan giya. Alƙaluman Ma'aikatar Noma ta Amurka sun nuna cewa abincin da aka zuba wa barasa aka bar shi yana tafasa minti 15 yana riƙe da kusan kashi 40 cikin ɗari nata, bayan awa ɗaya kusan kashi 25, kuma ko bayan awa biyu da rabi akwai saura kusan kashi 5. Risotto kuwa cikin minti 18 ko makamancin haka take nuna. Don haka duk abincin da aka ga an rubuta all'Amarone, al vino rosso ko brasato a gaban sunansa, da giya aka dafa shi, kuma wanda yake gudunta ya tambayi mai girki kai tsaye. Ma'aikacin da baƙo ya tambaye shi kuma ya faɗi gaskiya, kada ya fake da cewa wuta ta cinye.

Yaya ake ajiye ta, yaya kuma ake kawo ta tebur?

Ana ajiye kwalbar a kwance domin giyar ta riƙa taɓa toshiyar kada ta bushe iska ta shiga, a wuri mai duhu da sanyin da bai wuce digiri 12 zuwa 15 ba. Zafi shi ne babban maƙiyinta. Kwalbar da ta yi makonni a kantin da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki a watan Afrilu ta riga ta dahu, kuma alamarta ita ce toshiyar ta ɗan turo waje ko giyar ta tsattsafo ta gefenta. Amarone mai kyau da aka ajiye daidai tana kai shekara ashirin ko fiye.

Wajen kawowa, littattafan Turawa kan ce a sha jar giya da ɗumin ɗaki, amma ɗakin da suke nufi mai digiri 16 zuwa 18 ne. A ƙasa mai zafi wannan na nufin a saka kwalbar a firiji kamar minti ashirin ko talatin kafin a buɗe, in ba haka ba warin barasa ne kawai zai tashi. Ana juye ta a tulun gilashi mai faɗin gindi awa ɗaya ko biyu kafin sha don ta sha iska. Idan tsohuwa ce, za a tsayar da kwalbar tun jiya domin gwiɓar ta kwanta, sannan a juye a hankali da kyandir ko tocila a ƙarƙashin wuyan kwalbar, da zarar an hango baƙin gwiɓa ya iso wuya sai a tsaya. Kofin da ake zuba ta babba ne mai tumbi, kuma ba a cika shi ya wuce kashi ɗaya cikin uku.

Me ya sa take da tsada haka?

Lissafin a bayyane yake ga wanda ya karanta amsar shanya. Kilo 100 na ɗanyen inabi yana ba da kusan lita 70 na giya ta yau da kullum, amma doka ba ta yarda a fitar da fiye da lita 40 na Amarone daga wannan nauyi ba. A ƙara da ladan masu tsinka da hannu, da ɗakin shanya da wutar da fankokinsa ke ci, da asarar da fumfuna ke jawowa, da shekarun da kuɗin mai gona ke kwance a ganga. A shekarar da ruwa ya yi yawa, kamar 2014, wasu manyan gidaje ba su yi Amarone ba sam. Sauran tsadar kuma ta suna ce: kwalaben Giuseppe Quintarelli na Negrar, wanda ya rasu a 2012, da na Romano Dal Forno na kwarin Illasi, ana sayar da su ɗaruruwan Yuro, alhali na manyan kamfanoni suna cike da kantuna a farashin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Yawan waɗannan masu araha ya daɗe yana jawo gardama a yankin, inda wasu tsofaffin gidaje ke ganin faɗaɗa gonaki zuwa fadama ya zubar da darajar sunan.

Ta yaya ake gane ta gaskiya daga jabu?

Kowace kwalbar DOCG tana ɗauke da wata siririyar takarda ta gwamnati a wuyanta, mai lamba ta musamman, wadda ma'aikatar buga kuɗi da takardun ƙasa ta Italiya ke bugawa. A jikin kwalbar dole a ga cikakken suna, Amarone della Valpolicella, da shekarar girbi, da ƙarfin barasa wanda bai gaza 14 ba. Kalmar Classico na nuna daga garuruwa biyar ɗin nan ta fito. Kwalbar da aka rubuta wa appassimento kawai, ko wani suna mai kama da Amarone, tana iya zama giyar busasshen inabi daga wani yanki, kamar Puglia da ke kudu, amma ba ita ba ce.

Ina matsayinta idan aka kwatanta da Barolo da Brunello?

Su ukun ne aka fi ambata idan ana zancen manyan jajayen giyar Italiya, amma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Barolo daga jihar Piemonte take, a arewa maso yamma, da inabin Nebbiolo zalla ake yin ta, launinta bai yi duhu ba amma baurinta da tsaminta suna da kaifi, kuma sai ta yi aƙalla wata 38 kafin a sayar. Brunello daga garin Montalcino na Toscana take, da inabin Sangiovese zalla. Dukansu biyu da ɗanyen inabi ake yin su, ƙarfinsu daga irin inabin da ƙasar da ya tsira yake zuwa, na Amarone kuwa rabinsa a ɗakin shanya ake samar da shi. Wadda ta fi kusa da ita a hanyar yi ita ce Sforzato ta kwarin Valtellina a Lombardia, kusa da iyakar Suwizalan, inda ake shanya Nebbiolo cikin iskar duwatsun Alps kafin a matse.